Yadda Ake Faɗin Lokaci da Sifaniyanci Ba Tare da Kuskure Ba

Duk wanda ya iya cewa "ƙarfe uku saura kwata" ya riga ya ci rabin wannan darasi tun kafin a fara. Haka mutanen Sifaniya suke karanta agogo: su ambaci ƙarfen, su ɗora mintoci a kansa har a kai rabi, daga nan su kama ƙarfe na gaba su cire abin da ya saura. Shi ya sa nake ba Bahaushe mai koyon Sifaniyanci shawarar ya tashi daga Hausa kai tsaye, kada ya biya ta Turanci. Turanci yakan sa mintoci a gaba, ƙarfe a baya, sai ya dagula maka tsarin da ka tashi da shi tun ƙuruciya.

Abin da ya rage ba shi da yawa, amma ba ya son ganganci. Ɗan kasuwar da ke hulɗa da Malabo ko Bata a Ikwatoriyal Gini, da ɗalibin da ke shirin jarrabawar DELE, ta gwajin iya Sifaniyanci da cibiyar Instituto Cervantes ke shiryawa, da wanda ke zaune a Madrid yana riƙe da takardar ganin likita, kowannensu zai iya tuntuɓe a nahawu a kau da kai. Kuskuren lokaci ne ba a kau da kai a kansa, domin jirgi ba ya jira, ofis kuma idan lokacinka ya wuce sai ka koma neman wata rana daga farko.

Mataki na ɗaya: lambobi, da yadda baki zai furta su

Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma ana furta su kusan yadda muke furta namu. Baƙaƙe kaɗan ne suke da nasu hali. Harafin h ba a furta shi sam, don haka hora, wato awa, "ora" ake cewa. Ch ɗinsu shi ne c ɗinmu na "ciki" da "cokali", saboda haka ocho "oco" ne, noche kuma "noce". Qu ana karanta shi k. V da b sauti ɗaya ne a wurinsu. Ñ mai ɗan rawani a ka "ny" ne, mañana ta zama "manyana". Y idan ta tsaya ita kaɗai tana nufin "da", ana furta ta "i".

Lambobin agogo goma sha biyu su ne una, dos, tres, cuatro (kwatro), cinco (sinko), seis, siete (siyete), ocho (oco), nueve (nuwebe), diez (diyes), once (onse), doce (dose). A ƙirge, ɗaya uno ne, amma a agogo una ake cewa saboda kalmar hora ta mace ce. Furucin da na sa a cikin baka shi ne na Latin Amurka da tsibiran Kanari da wani sashe na kudancin Sifaniya. A Madrid da arewacin ƙasar, z da kuma c mai zuwa kafin e ko i ana furta su da kan harshe tsakanin haƙora, irin sautin farkon kalmar Larabci thalatha a bakin mai tajwidi. Zaɓi ɗaya ka riƙe, duka biyun daidai ne.

A nan akwai rami da aka haƙa wa Bahaushe musamman, kuma ina so ka tsaya a kansa. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, sai bakinmu ya saba ƙara wa baƙuwar kalma wasali a ƙarshe. Idan ka ce "dosi" ko "dose" kana nufin dos, abin da kunnen mai sauraro zai ji shi ne doce, ƙarfe goma sha biyu, alhali biyu kake nufi. Haka tres idan ka ja mata wutsiya sai ta koma trece, goma sha uku, wanda a agogon tashar jirgi ƙarfe ɗaya ne na rana. Ka koyi datse s ɗin nan a tsaye: dos, tres, seis. Ka faɗe su a jere da 'yan'uwansu, dos, doce, tres, trece, har kunnenka ya riƙa jin bambancin daga bakinka.

Domin mintoci kana buƙatar cinco, diez, quince (kinse), veinte (beinte), veinticinco, treinta, cuarenta, cincuenta. Daga 16 zuwa 29 a haɗe ake rubuta su, kamar dieciséis da veintidós. Daga 31 sai a raba da y: treinta y cinco, cuarenta y dos.

Mataki na biyu: tambayar

¿Qué hora es? (ke ora es) ita ce "ƙarfe nawa?" Alamar tambaya mai kife da ke farkon jimlar ƙa'idar rubutunsu ce, ba a barinta. A ƙasashen Latin Amurka da dama za ka ji ¿Qué horas son?, ma'anar ɗaya ce.

Sai dai wannan tambaya tsirara ta fi dacewa da aboki ko ɗan gida. Idan baƙo za ka tsayar a hanya, ko dattijo, ka ce Perdone, ¿tiene hora?, wato "gafara dai, ko kuna da lokaci a hannu?" Ga sa'anka kuwa Perdona, ¿tienes hora? Bambancin perdone da perdona, tiene da tienes, shi ne bambancin da muke yi tsakanin "ku" ta girmamawa da "kai". Mai son ya cika ladabi sai ya ce ¿Me puede decir la hora, por favor?

Kada ka kawo kalmar tiempo cikin wannan tambaya. Ƙamus zai ce maka tana nufin lokaci, haka ne, amma ¿Qué tiempo hace? tambayar yanayi ce, za a ba ka labarin ruwan sama da sanyi.

Mataki na uku: ƙarfe ɗaya ita kaɗai, sauran a jam'i

Wannan ne wurin da Sifaniyanci ya rabu da Hausa. Mu "ƙarfe" muke cewa ko ɗaya ne ko goma. Su kuwa suna ɗaukar ƙarfe ɗaya a matsayin tilo, daga biyu zuwa sama jam'i:

Es la una. Ƙarfe ɗaya ne.
Son las dos. Ƙarfe biyu ne.
Son las once. Ƙarfe goma sha ɗaya ne.

Es da la na tilo ne, son da las na jam'i. Kalmar hora ko horas tana ɓoye a bayan la da las, ba a fito da ita a maganar yau da kullum. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi da suka yi karatun Faransanci su kula a nan, domin Faransanci il est yake cewa a kowane ƙarfe kuma ya ambaci heures. Idan ka kwaso wannan ka ce "es dos horas", ba ka faɗi lokaci ba.

Mintoci ba sa taɓa wannan ƙa'ida. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyar har yanzu es la una y veinticinco ne, ko da yake mintocin suna da yawa. Ƙarfen kaɗai ake dubawa.

Mataki na huɗu: da kwata, da rabi, saura kwata

Yanzu ka dawo gida. "Da" ita ce y, "kwata" cuarto (kwarto), "rabi" media, "saura" kuma menos.

Son las tres y diez. Uku da minti goma.
Son las tres y cuarto. Uku da kwata.
Son las tres y media. Uku da rabi.
Son las cuatro menos veinte. Huɗu saura minti ashirin.
Son las cuatro menos cuarto. Huɗu saura kwata.

Kalma bayan kalma, jerin bai kauce wa na Hausa ba. Ba sai ka ce minutos ba, ana barinsa sai in ana son a fayyace. Media kullum da a take ƙarewa saboda rabin awa ake nufi, awa kuma mace ce. "Y medio" kuskure ne da kunnensu ke kamawa nan take.

Cuatro da cuarto su ma sai an lura. Haruffansu ɗaya ne, wurin zaman r ne kawai ya bambanta: a cuatro, huɗu, t ce ke gaba, a cuarto, kwata, r ce ke gaba. Masu kallon La Liga suna da abin gwaji a hannu, domin ɗaya daga cikin lokutan da aka saba take wasa a ƙarshen mako shi ne 16:15, wanda mai sharhi zai kira las cuatro y cuarto. Sauran su ne 14:00, las dos. 18:30, las seis y media. Da 21:00, las nueve. Wanda ya iya faɗin las cuatro y cuarto sau biyar a jere harshensa bai harɗe ba, ya wuce wannan mataki.

Abin da na bayar a sama salon Sifaniya ne. Ka tsallaka teku zuwa Meziko ko Kolombiya ko Peru, za ka tarar menos ta yi ƙaranci, an maye gurbinta da para. Uku saura minti goma a can faltan diez para las tres ne, ko a taƙaice diez para las tres. Wannan ma ba baƙo ba ne, domin shi ne "saura minti goma uku ta cika" da muke cewa. Saura kwata kuma falta un cuarto para las tres, ko cuarto para las tres. A rediyon Meziko za ka ji con a madadin y: son las tres con diez minutos. Ra'ayina shi ne ka iya furta salo ɗaya sosai, na ƙasar da kake hulɗa da ita, ɗayan kuma ka iya gane shi idan an faɗa maka.

Akwai kuma mafita idan kanka ya ɗaure: ka karanta lambobin yadda suke a fuskar waya. 3:40 ta zama las tres y cuarenta, ko las tres cuarenta. Babu ƙasar da ba za a fahimce ka ba.

Mataki na biyar: son las da a las

Tambayoyi biyu ne daban, kuma masu koyo da yawa suna cakuɗa su. ¿Qué hora es? tana neman abin da agogo ke nunawa yanzu. ¿A qué hora...? tana neman lokacin da wani abu zai faru, wato "da ƙarfe nawa?" Amsar ta biyun da a take farawa, es da son kuma su fita:

¿A qué hora empieza el partido? A las nueve. Da ƙarfe nawa za a fara wasan? Da tara.
¿A qué hora abre el banco? A las ocho y media. Da ƙarfe nawa banki ke buɗewa? Da takwas da rabi.
La reunión es a la una. Taron da ƙarfe ɗaya ne.

Dubi jimlar ƙarshe da kyau. Es ɗin da ke cikinta ta taron ce, ba ta agogo ba, shi ya sa ko taron da ƙarfe biyar ne za ka ce la reunión es a las cinco. A wayar tarho wannan ƙaramar a tana iya raba ka da mutum: son las cinco na nufin biyar ta yi yanzu, a las cinco kuma alkawari ne.

Mataki na shida: safe, rana, yamma, dare

A nan ne nake ganin aikin gaskiya yake, domin wannan ba nahawu ba ne kawai, yadda mutane suka yanka yininsu ne. Bayan ƙarfen ana ƙara de la mañana, na safe. De la tarde, na rana ko na yamma. De la noche, na dare. Ko de la madrugada, daga tsakar dare zuwa ketowar alfijir. Mai tashi sahur da ƙarfe huɗu a las cuatro de la madrugada ya tashi. Ƙarfe biyu na dare a bakinmu, a bakinsu las dos de la madrugada ne, wasu ma su ce de la mañana. Wannan na biyun yana rikita baƙo, saboda mu ba ma kiran wannan lokaci safiya.

Tarde ta fi "yamma" faɗi. Tana farawa daga ƙarfe ɗaya ko bayan abincin rana, ta miƙe har duhu ya shiga, saboda haka ta haɗiye azahar da la'asar gaba ɗaya. A Sifaniya ƙarfe takwas las ocho de la tarde ne, sai an kai tara kafin a ce de la noche. Ba abin mamaki ba ne idan ka san cewa a ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Madrid sai wajen goma saura kwata, a yankin Galisiya kuwa har ta gota goma. Musulmin da ke sallar magariba a babban masallacin Madrid da ke gefen titin M-30 a wannan lokaci na shekara, kusan las diez menos diez yake yin ta. A Bogota ko Lima, inda rana ke faɗuwa wajen shida kamar a Kano, ƙarfe bakwai las siete de la noche ne.

Sai mediodía, wadda a ƙamus tsakar rana ce, ƙarfe goma sha biyu. A Latin Amurka haka take. A Sifaniya kuwa idan mutum ya ce maka nos vemos a mediodía, "mu haɗu da tsakar rana", yawanci lokacin cin abinci yake nufi, tsakanin biyu da uku. Ka je da goma sha biyu ka zauna zaman jira na awa biyu. Ka tambaye shi ƙarfen a fili, ¿a qué hora exactamente?, ba rashin ladabi ba ne. Idan goma sha biyun kake nufi, ka ce las doce del mediodía; na dare kuma las doce de la noche, ko medianoche.

Gaisuwa ma wannan tsari take bi. A Sifaniya buenos días tana ci har zuwa abincin rana, don haka mai kanti zai gaishe ka da ita da ƙarfe ɗaya da rabi. Daga nan buenas tardes har duhu, sannan buenas noches, wadda gaisuwa ce kuma sallama ce. Abincin dare tsakanin tara da goma ake cinsa, gidan talabijin na ƙasa kuma yana karanta manyan labaransa da ƙarfe uku na rana da tara na dare, daidai lokacin da mutane ke bakin akushi. Ƙananan kantuna da yawa suna rufewa da biyu su sake buɗewa da biyar. A ƙofar irin wannan kanti za ka ga ɗan allo an rubuta: Lunes a viernes, de 10:00 a 14:00 y de 17:00 a 20:30. Litinin zuwa Juma'a ke nan, goma zuwa biyu, sannan biyar zuwa takwas da rabi.

Abubuwa biyu kafin mu wuce. De la mañana ana amfani da ita ne idan an ambaci ƙarfe. Idan ba a ambata ba sai a ce por la mañana a Sifaniya, en la mañana a yawancin Latin Amurka, a la mañana a Ajantina: trabajo por la mañana, ina aiki da safe. Sannan mañana ita kaɗai, babu la a gabanta, "gobe" take nufi. Gobe da safe mañana por la mañana ne, jibi kuma pasado mañana.

Mataki na bakwai: agogon awa 24

Tikitin jirgin ƙasa na Renfe, allon filin jirgin sama, jadawalin wasa, da takardar cita previa da ofisoshin gwamnati da asibitocin Sifaniya ke ba mutum domin ranar ganinsa, duk da agogon awa 24 ake rubuta su. Mutanen Nijar sun saba da wannan, na Najeriya ne sai sun ɗan yi lissafi: abin da ya haura 12, a cire 12. Ana rubuta 16:15 ko 16.15, wani lokaci da h a baya, 16:15 h. A Meziko da Kolombiya da wasu ƙasashen yankin an fi ganin a. m. da p. m.

Idan za a karanta shi da baki a hukumance, lambobin ake jerawa: 15:30 las quince treinta, 18:45 las dieciocho cuarenta y cinco, 21:00 las veintiuna horas, da veintiuna ta mace. A wannan salo ba a shigo da cuarto ko media ko menos, ba a kuma ƙara de la tarde, tunda lambar ta riga ta faɗa. A hira kuwa mutane suna ganin 21:00 a rubuce su ce las nueve.

Ga yadda za ta kasance a tagar sayar da tikiti ta tashar Atocha a Madrid, a misali:

—Buenos días. ¿A qué hora sale el próximo tren a Sevilla? (Ina kwana. Da ƙarfe nawa jirgin Sabiya na gaba zai tashi?)
—A las trece treinta. (Da 13:30.)
—¿A la una y media? (Ɗaya da rabi ke nan?)
—Sí, a la una y media. (I, ɗaya da rabi.)

Layi na uku shi ne wanda nake so ka ɗauka. Ma'aikaciyar tana bayan gilashi, lasifika na ta sanarwa a sama, mutane na jira a bayanka, trece da tres kuma ba su da nisa a kunne. Ka maimaita mata lokacin da ɗaya salon. Idan ka ji daidai ta ce sí, idan ka kauce ta gyara maka tun kuɗinka na hannu.

Mataki na takwas: daidai, wajen, da tsawon lokaci

En punto ita ce "daidai": a las ocho en punto, takwas daidai, kuma wanda ya faɗe ta da gaske yake. Y pico ita ce "da 'yan mintoci": son las cinco y pico. "Wajen ƙarfe shida" kuwa sobre las seis, ko a eso de las seis. Casi las siete, bakwai ta kusa. Mutumin da ba shi da agogo yana kintace zai ce serán las cinco, "za a yi biyar yanzu".

Bambancin da muke yi tsakanin "ƙarfe biyu" da "awa biyu" su ma suna yin sa: las dos ƙarfe ne, dos horas tsawon lokaci. Rabin awa media hora, awa ɗaya da rabi hora y media, minti goma sha biyar un cuarto de hora, minti arba'in da biyar tres cuartos de hora. "Nan da awa ɗaya" dentro de una hora, "awa ɗaya da ta wuce" hace una hora. Daga tara zuwa biyu de nueve a dos, ko desde las nueve hasta las dos. Ka lura la da las suna faɗuwa a ta farko, suna tsayawa a ta biyu.

Idan labarin abin da ya wuce kake bayarwa, es ta koma era, son ta koma eran: eran las tres cuando llegó, ƙarfe uku ne lokacin da ya iso.

Sai gargaɗi game da ahorita ta Meziko. Daga ahora take, wato "yanzu", amma tana iya nufin yanzun nan, tana iya nufin an jima. Idan magana ce ta kuɗi ko ta kaya, ka nemi ƙarfe.

Mataki na tara: agogon wa ake nufi?

Ka iya faɗin lokaci tsaf, amma ka rasa wasan ko kiran waya idan ba ka san wannan ba. Layin Greenwich ya ratsa ta gabashin Sifaniya, don haka bisa taswira agogonta da na Birtaniya da Fotugal ya kamata su zama ɗaya. Amma a watan Maris na 1940 gwamnatin Franco ta tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya, ya daidaita da na tsakiyar Turai, kuma a haka aka tsaya har yau. Wannan ne ya sa rana ba ta kaiwa tsaka a Madrid sai wajen ɗaya da kwata da hunturu, biyu da kwata da bazara. Mediodía ɗin ƙarfe biyu da na ambata ɗazu, ashe tsakar ranar ce ta gaskiya a rabin shekara.

Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris, agogon Madrid da na Kano da Maraɗi da Garwa da Injamena ɗaya ne. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, Madrid tana gaba da awa ɗaya. A daren da ake canjin Maris kafofin labarai sukan sanar da cewa a las dos serán las tres, da ƙarfe biyu uku za ta yi. Saboda haka wasan da aka sa a las nueve de la noche a watan Satumba, a gidan kallo na Kano da takwas za a take shi, a Kumasi da bakwai. A watan Janairu kuwa da tara a Kano, da takwas a Kumasi. Tsibiran Kanari kullum suna bayan Madrid da awa ɗaya, shi ya sa rediyon Sifaniya ke cewa son las diez, las nueve en Canarias.

Ikwatoriyal Gini agogonta ɗaya da na Najeriya duk shekara. Buenos Aires tana bayanmu da awa huɗu, Bogota da Lima da awa shida, birnin Meziko da awa bakwai, tunda ƙasar ta daina canja agogo a yawancin jihohinta a 2022. Idan kana tsara kira da wani a can, ka ƙara hora de Nigeria ko hora de México a bayan ƙarfen.

Mataki na goma: gwaji

Ka mayar da agogon wayarka na awa 24, duk lokacin da ka duba shi ka faɗi lokacin a fili sau biyu, salon hukuma da salon hira. Lokutan salloli biyar sun isa su ratsa da kai ta madrugada da tarde da noche a yini guda. Fara da waɗannan, ka rufe amsar da hannu tukuna: 13:05, 16:15, 20:50, 00:30, 12:45.

Na farko es la una y cinco de la tarde. Na biyu son las cuatro y cuarto de la tarde. Na uku a Madrid son las nueve menos diez, a Meziko faltan diez para las nueve. Na huɗu son las doce y media de la noche. Na biyar ne ke kayar da mutane: agogo yana nuna goma sha biyu, baki sai ya yi saurin cewa son las, alhali da zarar ka zaɓi menos ka riga ka koma kan ƙarfe na gaba, ƙarfen kuma ɗaya ne. Amsar ita ce es la una menos cuarto, a Meziko kuma cuarto para la una.